Katangar Azbakiyya da Akwatina na 'Yargoje

Wannan makon ku yi mani afuwa, ba ci gaban labarinmu na kawo maku ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, na ga in ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai tafi daidai ba.

Musabbabinta kuwa wata baiwar Allah ce, ɗalibar jami'a da ke rubuta kundin kammala digirinta a kan littattafan mata. Ta kira ni a waya cikin ladabi tana neman kwafin littafina na farko, wanda na buga a Kano a 2003. Na yi shiru har ta ce, "Anti, kina ji na?" Na ce, "Ina jin ki ƙanwata, wallahi ni ma ba ni da shi." Daga muryarta na gane ta ɗauka rowa ce. Ba rowa ba ce. Littafin da na kwana ina rubutawa da fitilar ƙwai, na sayar da ɗan kunnena na gwal na biya kuɗin bugu, aka buga kwafi dubu uku suka ƙare, yau ko ɗaya babu a hannuna. Da muka ajiye waya sai wata kasuwa da na taɓa shiga a ƙasar Masar ta faɗo mani a rai, ita ce nake son in ba ku labarinta, sannan in faɗi abin da ke bakina.

A 2019 ne ciwon baya ya kwantar da Innarmu, likitoci suka ce sai an yi aiki. Yayanmu ya ɗauki nauyi, ni kuma aka ce in bi ta jinya. Wata biyar muka yi a Alƙahira, don bayan aikin akwai gashin ƙashi mai tsawo. Muka kama ɗaki a Hayyul Ashir, unguwar da baƙi 'yan Afirka suka yi yawa, kusa da ɗan yayan nawa da ke karatu a Azhar. Wanda bai yi zaman jinya a ƙasar wani ba ba zai gane ba. Daga asibiti sai ɗaki, daga ɗaki sai asibiti. Ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ya mai jiki, ba yaron da zai yi sallama a ce wance na gaishe ku. Larabcina na Islamiyya ne, su kuma Misirawa nasu daban, in suka saki baki ko kalma ɗaya ba na kamawa. Littattafan Hausa biyu da na jefa a jaka na karanta su har na kusa haddacewa.

Ran nan yaron ya shigo ya tarar da ni na zuba tagumi. Ya ce, "Gwaggo, ke da littafi, tashi in kai ki inda za ki manta hanyar gida." Muka bar Inna da wata 'yar ƙasarmu da ita ma jinya ta kawo ta, muka shiga jirgin ƙasan nan nasu da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar Ataba. Cunkoson wurin sai ku ce Kantin Kwari ana jibi Sallah. Muna fitowa ya ja ni wani lungu, sai ga ni tsakanin rumfuna jere reras, sun fi ɗari, kuma babu abin da ake sayarwa a cikinsu sai tsofaffin littattafai. Littafi a kan kanta, littafi a ƙasa, littafi an ɗaure da igiya kamar damin dawa. Sunan wurin Suru Azbakiyya, wato Katangar Azbakiyya.

Sunan yana da asali. Wani kwamandan yaƙi ne mai suna Azbak, na zamanin Sarki Ƙaitbai a ƙarni na 15, ya fara raya unguwar a bakin wani tafki. Daga baya aka cike tafkin, kuma a 1872 mai mulkin Masar na lokacin, Isma'il, ya sa wani Bafaranshe ya tsara lambun shaƙatawa a wurin. Masu tallar littafi da ke yawo shagunan shan gahawa su ne suka riƙa zuwa jikin katangar lambun suna hutawa da rana, suna baje hajarsu, har wurin ya zama kasuwa. An tashe su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wani lokaci saboda ginin gada, wani lokaci saboda haƙar hanyar jirgin ƙasa, amma duk inda aka kai su sai su ɗauki sunan katangar su tafi da shi, masu saye kuma su bi su.

A rumfar wani dattijo mai kaurin tabarau muka fara tsayawa. Da ya ji daga Nijeriya muke sai ya ɗaga yatsa ya ce mu jira. Ya hau kujera, ya lalubo wasu littattafai huɗu da takardarsu ta koma ruwan ƙasa, ya kaɗe ƙura ya miƙo. Liya'ut Ta'awili ne, tafsirin Malam Abdullahi na Gwandu, bugun Alƙahira na 1961. Tsigar jikina ta tashi. Mutumin nan bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma ya san a wane saƙo na rumfarsa malaminmu yake.

Wannan ya burge ni, amma abin da ya tsaya mani a rai yana rumfar gaba. Wasu 'yan ƙananan littattafai ne na sakawa a aljihu, takarda mai araha, bango mai zanen jarumi riƙe da bindiga ko budurwa tana hawaye. Ina ganinsu na ce, "Kai, ai waɗannan namu ne!" Yaron ya yi dariya ya ce haka ne Gwaggo, adabin kasuwarsu ke nan. Akwai jerin Rajulul Mustahil na Nabil Faruƙ, labarin wani jami'in leƙen asiri, da aka fara fitarwa tun 1984. Akwai na Ahmad Khalid Taufiƙ, likitan da ke rubuta labaran ban tsoro, wanda ya rasu a 2018 matasa suka yi cincirindo wurin jana'izarsa a garin Ɗanɗa. Akwai na soyayya zalla da 'yan mata ke ɓoyewa a cikin littafin makaranta, kamar dai yadda muka yi. Su ma an raina su a zamaninsu, an ce ba adabi ba ne. To amma ga su nan a jere bisa lamba, na ɗaya, na biyu, har sama da ɗari, kafaɗa da kafaɗa da littattafan Najib Mahfuz wanda ya ci kyautar Nobel a 1988. A gabana wani magidanci mai furfura ya zo da 'yar takarda ya rubuta lambobin da suka ɓace mashi, mai rumfa ya zaƙulo mashi biyu, ya biya ya tafi yana murmushi kamar an yi mashi albishir da haihuwa.

Shi lambun Azbakiyyar kansa, a lokacin da na gan shi, tituna da gine-gine sun cinye mafi yawansa, abin da ya rage duk ƙura. Don haka da Inna ta fara samun sauƙi wani lambun muka kai ta, wanda ake kira lambun Azhar. Shi wannan a 2005 aka buɗe shi, gidauniyar Aga Khan ce ta gina, faɗinsa ya kai hekta 30. Abin mamaki, wurin juji ne da aka shafe kusan shekara 500 ana zuba shara, har ya zama tudu. Da aka zo kwashewa ma sai aka tono tsohuwar ganuwar birnin ta zamanin su Salahuddin a binne a ƙarƙashi. Muka sayi tikiti, muka tura Inna a keken marasa lafiya har saman tudun. Ga ciyawa shar, ga ruwa na gudu a 'yan magudanai, ga hasumiyoyin masallatai iya ganinka. Iyalai sun shimfiɗa zannuwa suna cin abinci. Can gefe wata mata da niƙabinta ta jingina da itace ita kaɗai tana karatu, ba wanda ya kalle ta balle ya tambaye ta abin da take jira.

Da aka gaya wa Inna wurin juji ne a da, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe juji ma in ya samu mai kula da shi yana zama wurin zama." Daga nan ta ce in karanta mata wani abu. Na ciro ɗaya daga cikin littattafan nan biyu na fara. Matar da ta yi shekaru tana yi mani faɗa a kan rubuce-rubucen banza, ranar har da cewa, "To sai me ya faru da yarinyar?" Kusan duk mako muka riƙa komawa har muka baro ƙasar.

Tun a jirgin dawowa na ƙudura zan je 'Yargoje in ɗauko akwatina. Akwatin ƙarfe ne da na bari a ƙuryar ɗakin Inna tun da aure ya kawo ni Funtuwa. A ciki akwai kwafin littattafaina na farko, da rubutun hannunsu, da waɗanda na tara tun ina sakandare: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa, So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, da Magana Jari Ce ukun da babanmu ya bari. Amma kun san halin ɗan Adam, gobe, jibi. Inna ta zauna wurina ba ta koma ba. Hanya kuma ta ƙara lalacewa, musamman bayan da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Sai ga daren Lahadi 9 ga Yunin 2024, 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje suka kashe mutane da dama, suka tafi da wasu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa sun huta. Bayan nan sauran 'yan gidanmu suka taso, wani ƙanena ya haɗo da akwatin a cikin kaya.

Da na buɗe, gara ta riga ni. Ƙasan akwatin ya yi tsatsa ya hude, ta shiga ta yi gini. Abin da na samu bangaye ne da gari. Na zauna na yi kuka, kuma ina kukan ina jin kunya, don a lokacin mutane gawa suke kuka a kai.

To ga abin da nake son faɗa. Mu marubuta mun iya ɗora laifi. In aka tambaye mu ina littattafanmu sai mu tuna 2007, lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka karɓe a hannun ɗalibai a Kano. An yi wannan, kuma ya yi mana ciwo. Amma tsakani da Allah, abin da wuta ta ci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da sakacinmu ya ci ba. Mun ɗauki littafi kamar tumatir, a kai kasuwa da safe, a sayar, a manta. Marubuciya ta kai rubutu a buga mata a kwamfuta, a ba ta a filofi, filofin ya lalace. Mai ɗab'i ya gama aiki ya watsar da faifan bugun. Dila a Bata ya karɓa ya rarraba. Mai shagon haya ya ba da shi naira biyar a kwana har ya yage, ragowar ta ƙare a hannun mai ƙosai da mai gyaɗa. Ni da kaina na taɓa sayen tsire a naɗe cikin shafin littafin wata ƙawata. Da waya ta zo shagunan haya suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ji wanda ya bi su ya saye kayan ya adana ba.

Akwai doka tun 1970 da ta ce duk wanda ya buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi uku Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Mu nawa muka kai? Ni dai ban kai ba, ban ma san da dokar ba sai da na girma a harkar. Sai ga shi Farfesa Graham Furniss na jami'ar SOAS da ke Landan, shi da Malami Buba da wani abokin aikinsu, sun bi littattafanmu na 1987 zuwa 2002 sun tattara ɗaruruwa, sun fitar da kundin sunayensu a 2004. Wato yarinyar da ta kira ni ta fi kusa da samun littafin Bahaushiya a Landan fiye da a Funtuwa. Wannan abin godiya ne gare su, abin kunya gare mu.

Wasu za su ce ai yanzu komai yana waya, an huta da gara. Ina rubutu a waya, kuma ta nan kuke karanta ni, don haka ba zan zage ta ba. Amma waya ma tana da tata garar. Manhajar OkadaBooks da marubutanmu da yawa suka zuba littattafansu a ciki ta rufe a ƙarshen 2023. Labarin da ke yawo a WhatsApp kuwa, yau an cire sunan mai shi, gobe an yanke ƙarshensa, jibi wayar ta faɗa ruwa. Littafin takarda ko ya tsufa, in ya samu rumfa da mai kaɗe mashi ƙura, zai jira mai nemansa kusan shekara sittin, kamar yadda tafsirin Malam Abdullahi ya jira mu.

Na san kuma akwai mai cewa, "Haba Hajiya, ana kashe mutane a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, manomi bai iya zuwa gona, ke kina maganar lambu da tsohon littafi?" Wannan magana ce mai nauyi, kuma ni ma na yi wa kaina ita a gaban akwatin nan. Rai yana gaba da komai, ba musu. Amma ku duba wani abu. Yaron da aka haifa a yankinmu shekara goma da suka wuce bai san an taɓa yin dandali da farin wata ba. Bai san 'yan kai amarya suna tashi daga wannan ƙauye zuwa wancan bayan isha'i suna guɗa ba. Bai san Bafulatana tana shigowa har tsakar gida da ƙwaryar nono ta zauna a yi hira, a ba ta ajiyar kuɗi ba. In ka gaya mashi sai ya ɗauka tatsuniya ce. Waɗannan littattafan da aka raina, na soyayya da kishi da rikicin gado, su ne suka rubuta wannan rayuwar ba tare da sun san suna rubuta tarihi ba: yadda ake zance a ƙofar gida, abin da ake zubawa a lefe, yadda ake shiga motar kasuwa da asuba ba fargaba. Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, kuma zai kawo, da me za mu nuna wa yaran nan abin da za su koma gare shi?

Shi ya sa nake ganin bai kamata mu jira gwamnati ba. Katangar Azbakiyya ba hukuma ce ta fara ta ba, 'yan talla ne da suka gaji suka nemi inuwa. Ga abin da nake roƙo, kuma duk mai yiwuwa ne.

'Yan'uwana marubuta, kowa ya bi sawun littattafansa tun yau. A tambayi tsofaffin diloli da masu shagon haya da ƙawayen makaranta. In an samu, a ɗauki hoton kowane shafi, a kuma kai kwafi ɗakin karatun jami'a mafi kusa, ko Bayero a Kano, ko Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko Gidan Arewa a Kaduna. Kada a ce sai an gyara kurakuran ciki, a kai shi yadda yake.

Masu karatu, musamman mata, na san akwai buhunan littattafai a ƙarƙashin gadajenku da saman sif. Don Allah kada a ba mai ƙosai, kada a hura wuta da su. A fito da su a shanya, a ɗaga su daga ƙasa. Wadda ta gaji da ajiya ta ba wadda za ta riƙe.

Ƙungiyoyinmu na marubuta kuma, maimakon kowane taro ya ƙare a jawabi da rabon lambar yabo, a ware rana ɗaya a wata, a samu inuwar wata makaranta ranar da ba karatu, a shimfiɗa tabarmi, kowa ya zo da tsofaffin littattafansa a saya, a yi musaya. Tabarma goma sun isa a fara. In abin ya kama, wani matashi zai gane akwai abinci a ciki ya kafa rumfa.

Sai maganar wurin zama. A garuruwanmu duk inuwar da ke bakin hanya ta majalisar maza ce, duk filin da ya rage kuma shaguna ake yankawa. Mace in ba gidan biki ko asibiti ba, ba ta da inda za ta zauna ta sha iska da 'ya'yanta cikin mutunci. Ba lambun Azhar nake nema ba, mun san aljihunmu. Fili ɗaya a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, a kewaye shi, a dasa dalbejiya da mangwaro, a sa benci da mai gadi da famfo, a bar rumfa biyu ta littafi a bakin ƙofa. Masu hannu da shuni da ke neman sadaka mai gudana, ga wata ƙofa.

Ita kuwa ɗalibar nan, na kira ta na ba ta haƙuri, na ba ta labarin littafin da baki iya abin da na tuna. Har wasu sunayen taurarin sun kwance mani. Don haka ina cigiya: duk wadda ke da littafina na farko, na ɗaya ko na biyu, ko bangonsa ya cire, ko an yi lissafin adashi a bayansa, ta taimaka ta ara mani in kwafa in mayar mata. Inna ma tana tambaya, wai tana son a karanta mata shi, tunda lokacin da ya fito fushi take yi da ni ba ta saurara ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Mako mai zuwa insha Allahu za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya.

Taku har kullum.